Yadda Ake Renon Itacen Mangurof A Tankin Ruwan Gishiri: Jagora Ga Mazauna Amarawa Da Kewaye

Daga Amarawa, nan bakin iyakar Illela da Birnin Ƙonni, zuwa gaɓar teku tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota. Itatuwan da muka tashi muka gani su ne gawo, bagaruwa, aduwa, kurna da dogon yaro, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai rayu idan aka dulmiya saiwarsa a ruwan teku. Amma Allah ya halicci wani itace da ruwan gishiri ne mazauninsa, shi ne mangurof, itacen da ke cike da bakin rafukan Neja Dalta, Badagiri da Kalaba. Ana iya renonsa a tanki a tsakar gida ko a makaranta, ko da a ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu, matuƙar an san abin da yake bukata.

Wannan jagora ta malamin kimiyya ce da ke son ɗalibansa su ga abin da suke karantawa da idonsu, da mai kiwon kifin ado, da duk mai sha'awar tsirrai. Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta guda ce: mangurof itace ne, ba ciyawar ruwa ba. Ganyensa na son haske mai ƙarfi da iska, saiwarsa kuwa na son ruwa mai sanyi-sanyi wanda gishirinsa ba ya hawa da sauka. Ganye a haske, ruwa a inuwa. Wanda ya riƙe wannan ya ci rabin aikin.

Sanin itacen kafin a taɓa shi

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin dajin mangurof, mafi yawansa a Neja Dalta. A duniya kuwa Indunisiya ce kan gaba, sannan ga dajin Sundarban da ke tsakanin Bangaladash da Indiya. A cikin saiwoyinsa kifi da jatan lande da ƙaguwa suke renon 'ya'yansu, kuma shi ke tare igiyar ruwa daga cinye gaɓa. Saboda muhimmancinsa ne hukumar UNESCO ta ware ranar 26 ga Yulin kowace shekara don tunawa da shi, tun daga matakin da ta ɗauka a 2015.

Iri biyu ne suka shafi mai tanki. Na farko shi ne jan mangurof, wanda masana ke kira Rhizophora. Shi ne mai saiwoyin da ke fitowa daga gangar jikinsa su lanƙwasa su shiga ruwa, har a ga itacen a tsaye bisa ƙafafu masu yawa. A Najeriya nau'in Rhizophora racemosa ya fi yawa, akwai kuma Rhizophora mangle, wanda masu tankin kifi a Amurka da Turai suka fi renawa. Dabararsa ita ce saiwar tana tace ruwa, ta hana fiye da kashi 90 cikin 100 na gishiri shiga jikinsa.

Na biyu shi ne Avicennia. Shi yana barin wani kaso na gishirin ya shiga, sai ya fitar da shi ta ganye, har ka ga farin gishiri ya bushe a kai. Saiwoyinsa na numfashi suna tsirowa sama daga cikin laka, sirara-sirara, kewaye da gindinsa. Wani nau'insa, Avicennia marina, shi ne wanda ke gaɓar Bahar Maliya, a Saudiyya, Sudan da Eritiriya, inda zafi da bushewar iska suke kusa da namu, kuma raƙuma na kiwon ganyensa.

Ga mai farawa, jan mangurof ya fi sauƙi, domin irinsa na jure doguwar tafiya, kuma yana tsira ko a yashi ko a rataye cikin ruwa.

Samun iri da ɗauko shi

Jan mangurof ba ya zubar da ƙwaya. Ɗansa yana tsira tun yana maƙale a jikin uwa, ya yi tsawo ya zama koriyar sanda mai kama da kwafson zogale, sannan ya faɗo ruwa ya yi ta yawo, wani lokaci watanni, har ya sami lakar da zai kafe. Na Rhizophora mangle bai cika wuce taƙi ɗaya da rabi ba, na racemosa kuwa yakan kai kamu guda ko ya ɗara.

Hanyar samunsa ba ta da wuya ga mutumin Illela. Motocin albasa da na dabbobi kullum suna hanyar Legas da Fatakwal, kuma 'yan'uwanmu suna zaune a waɗannan garuruwa. A roƙi wanda ke kusa da masunta ya tsinto waɗanda suka faɗo da kansu, bayan ya nemi izinin mutanen wurin. Kada a tumɓuke wanda ya riga ya kafe. Dajin can yana fama da nasa matsalolin, ga malalar mai irin wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya bayyana, ga sara don itacen girki da bandar kifi, ga kuma wata bishiyar dabinon ruwa mai suna nifa da aka kawo Kalaba a 1906, wadda take mamaye wurin mangurof. Wanda kuma ya yi niyyar shigo da iri daga wata ƙasa, sai ya bi ta hannun jami'an killace tsirrai.

Iri mai kyau yana da tauri idan an matsa shi, fatarsa sumul, ba yamutsewa, ba ƙananan hujojin ƙwaro, kuma tsinin kansa bai karye ba. A naɗe shi da tsumma mai danshi, a sa a kwali mai huji, a ajiye inda rana ba ta dukansa a cikin mota. Leda a ɗaure cikin zafi tana dafa shi. Idan da hali a tambayi yanayin ruwan da aka tsince shi a ciki, ko na bakin teku ne sosai ko na cikin rafi. A nemi biyar ko shida, domin ba duka ke tashi ba.

Tanki da ƙasar da za a zuba

Tankin gilashi yana da daɗin kallo domin ana ganin saiwa, amma yana saurin ɗaukar zafi. Rabin duro na roba ko babbar robar wanki sun fi jure yanayinmu, sai dai a tabbatar ba a taɓa zuba maganin ƙwari ko mai a ciki ba. Ƙarfe kowane iri ba ya shiga wannan aiki: gishiri zai cinye shi, tagulla kuwa guba ce ga halittun ruwa. Faɗi ya fi zurfi amfani. Tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 40, zurfi 40 ya isa itace uku na shekaru. Ba a rufe samansa, domin itacen sama zai yi.

A zuba yashin gulbi da aka wanke har ruwansa ya fita garau, kaurin santimita 10 zuwa 15. Wanda ba zai sa kifi ba yana iya shimfiɗa laka mai tsabta a ƙasa ya rufe ta da yashi. Kashin dabbobi da takin gargajiya ba sa shiga tanki, domin za su ruɓe su ɓata ruwa. Bayan wasu watanni za ka ga ƙasan yashin ya yi baƙi ta jikin gilashi. Haka lakar dajin take, ba ciwo ba ne. Amma kada ka tone shi, domin iskar da ke ciki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana kashe kifi.

Ana bukatar ƙaramin famfo ko injin iska da zai riƙa motsa ruwa. Ruwan da ke kwance yana rasa iska, yana yin yauƙi a sama, kuma idan gishirinsa kaɗan ne sauro zai yi ƙwai a ciki.

Haɗa ruwan gishiri

Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Ba dole ne a kai haka ba. Mangurof ya fi sakewa a ruwan da ya gauraya, irin na bakin kogi, don haka giram 15 a lita ya wadatar, wato giram 750 ga lita 50. A ƙasa mai zafi wannan ya fi aminci, saboda ko ruwa ya ragu gishirin ba zai kai matakin cutarwa da wuri ba. Sai wanda ke son kifin teku na ainihi ne zai haɗa cikakken giram 35.

Gishirin da ake nufi shi ne haɗaɗɗen gishirin tankin kifin teku, wanda masu sayar da kayan kifin ado suke kawowa a manyan birane irin Legas da Abuja. Gishirin miya bai dace ba, domin sinadari ɗaya ne kusan zalla, ba shi da magnisiyam, kalsiyam da fotasiyam da ke cikin ruwan teku. Magnisiyam kuwa, wanda ya kai kusan miligiram 1,300 a litar ruwan teku, yana cikin abin da ke taimaka wa itacen ya jure gishirin. Kanwa, manda da gishirin Balma da muke ba dabbobi su ma a bar su a inda suke. Kanwa musamman tana sauya yanayin ruwa ta yadda saiwa da kifi ba za su jure ba.

Ruwan haɗin ya zama mai tsabta. Ruwan sama da aka tara bayan na farko ya wanke rufi ya fi kowane. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana yi idan ba shi da ɗanɗanon kanwa kuma ba ya barin farin tabo mai yawa a tukunya. Ruwan famfo a bar shi ya kwana biyu a buɗe, maganin da aka sa masa ya fice. Kullum a bokiti ake haɗa gishiri, a motsa ya narke sarai, ya kwana, sannan a zuba a tanki.

Harshe ba ma'auni ba ne. A sayi ma'aunin gishiri, ko mai iyo a ruwa ko wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa. Cikakken ruwan teku yana nuna 1.025 zuwa 1.026, haɗin giram 15 kuwa yana nuna kusan 1.011. Da zarar an cika tanki, a ja layi da alƙalami a jikinsa daidai bakin ruwa. Wannan layin zai yi maka aiki kowace rana.

Dasawa

Ɓangaren sandar irin da ya fi kauri, mai ruwan ƙasa-ƙasa, shi ne gindi. Siririn kore mai tsini shi ne kai, daga nan ganye zai fito. Hanya biyu ce. Ko a soka gindin cikin yashi kimanin santimita 5, ko a rataye sandar ta hanyar ɗaure ta sako-sako a jikin kara, gindinta na cikin ruwa bai taɓa ƙasa ba. Hanya ta biyu tana sa saiwoyi su miƙe suna neman ƙasa, abin sha'awa ga ɗalibai. Ko wacce aka bi, kan sandar ya kasance a saman ruwa. Idan ya nutse, zai ruɓe.

A bar tazarar taƙi guda tsakanin kowace sanda, kuma a nisanta su daga kusurwar gilashi, domin saiwa mai ƙarfi tana iya ture gam ɗin da ya haɗa shi. Yawanci saiwa kan fara leƙowa cikin makonni kaɗan, ganye biyun farko su biyo baya cikin wata ɗaya ko biyu. A wannan lokaci kada a riƙa zaro shi ana dubawa. Sabuwar saiwa tana da laushi, idan ta karye itacen yakan koma baya ko ya mutu.

Sandar da ba ta yi saiwa ba tana karɓar kowane ruwa aka fara ta da shi. Amma wadda ta riga ta yi saiwa da ganye, sauya mata gishiri farat ɗaya kisa ne. Idan za a ƙara ko a rage, a yi da kaɗan-kaɗan, abin da bai wuce 0.002 a ma'auni ba duk kwana uku ko huɗu.

Haske

Nan ne mafi yawan masu reno suke faɗuwa. Ɗakin da ido ke gani da haske, ga itace duhu ne. Ranar tsaka a fili tana kai lukus 100,000, wato ma'aunin ƙarfin haske, amma tsakiyar ɗaki da ƙyar yake wuce 'yan ɗaruruwa. Akwai manhajar waya da ke auna wannan. Ba ta kai na'urar masana daidaito ba, amma ta isa ta nuna maka bambancin wuri da wuri. A ɗora wayar daidai kan ganye. Abin nema shi ne lukus 20,000 zuwa sama na tsawon awanni da yawa a yini.

Mutanen ƙasashen sanyi suna kashe kuɗi mai yawa kan fitilu domin ba su da rana. Mu a nan rana kyauta ce, kuma tsawon yininmu yana tsakanin awa 11 da 13 duk shekara, daidai da bukatar itacen. Matsalarmu ita ce yawanta. Wuri mafi kyau shi ne baranda ko rumfa mai fuskantar gabas, inda rana za ta sami ganye daga hantsi zuwa wajen ƙarfe 11, sannan inuwa mai haske ta karɓa. Ranar azahar zuwa la'asar a watannin Maris, Afrilu da Mayu tana ƙona ganyen ƙaramin itace, tana kuma dafa ruwa. Inda babu baranda, a yi rumfa da koriyar ragar da masu renon dashe suke amfani da ita, ko zana mai ɗan sarari.

Jikin tankin kuma a kare shi. A kewaye ɓangarorin da rana ke duka da tabarma, kwali ko buhun algarara, a bar fuska ɗaya ta inuwa don kallo. Amfanin wannan biyu ne: ruwa ba zai yi zafi ba, gansakuka kuma ba za ta cika tankin ba. Itacen da ya taso a inuwa kada a fitar da shi rana kai tsaye. A fara da awa ɗaya da safe, a riƙa ƙarawa har mako biyu. Idan haske ta gefe ɗaya yake zuwa, itacen zai karkata can. Ba a tumɓuke shi don a juya, sai dai a jingina farin allo ta ɗaya gefen ya mayar masa da haske.

Wanda dole sai a cikin ɗaki zai ajiye tanki, fitila ta zama wajibi. A nemi fitilar LED mai farin haske, wadda aka rubuta 5000K zuwa 6500K a kwalinta. Shuɗiyar fitilar da ake sa wa murjani a tankin ruwan teku ba ita kaɗai itace ke bukata ba, ƙwan ɗaki na wat 5 ko 9 kuwa bai isa ba sam. Ga itace uku, fitilar haska fili ta wat 30 zuwa 50 tana yi. A rataye ta kai tsaye bisa ganye, tazarar santimita 25 zuwa 30, da sarƙa ko igiyar da za a iya ɗagawa yayin da itacen ke tsawo. Gwajin zafi mai sauƙi ne: ɗora bayan hannunka daidai ganyen sama na minti ɗaya, idan ka ji zafin ya dame ka, ɗaga fitilar.

A kunna ta awa 12, a kashe awa 12. Itace na bukatar dare, barin fitila har safiya ba ya ƙara masa girma. Tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, sola ta fi dacewa. Fitilar wat 30 a awa 12 tana cin wat-awa 360 a yini. Idan aka daidaita lokacinta da yini, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, faifan sola ne zai ɗauki mafi yawan nauyin, batir ya huta ya riƙe famfo da dare. Duk wata mahaɗar waya a ɗaga ta sama da tanki, nesa da feshin ruwa, domin ruwan gishiri yana jan wuta sosai. Kafin a sa hannu a tanki a kashe komai.

Itacen da kansa zai gaya maka ko hasken ya yi. Wanda ya ƙoshi gajere ne kakkaura, ganyensa kore shar mai sheƙi, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye kaɗan. Wanda haske bai ishe shi ba yakan yi zaƙwal siriri, gaɓoɓinsa su yi nisa, ganyen ƙasa su zube. Wanda ya yi masa yawa kuwa za ka ga fari ko ruwan ƙasa a tsakiyar ganyen sama, inda hasken ya fi duka.

Bazara da hunturu

Ruwan tanki ya fi kyau tsakanin digiri 24 da 30. A bazara, lokacin da zafin iska ke wuce digiri 40, sai an tashi tsaye. A jiƙa buhun da aka kewaye tankin da shi safe da rana, bushewarsa tana janye zafi. Ƙaramar fanka mai hura saman ruwa tana rage digiri biyu ko uku. A ranar da abin ya tsananta a jefa gorar ƙanƙara a rufe, kada a zuba ƙanƙarar kai tsaye.

Hunturu kuma da nasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana bushewa ƙarau, ƙura tana toshe ƙofofin numfashin ganye tana kuma tare haske. A fesa wa ganye ruwa marar gishiri kowace safiya, sau ɗaya a mako kuma a goge kowane ganye sama da ƙasa da auduga mai danshi. A sauran watanni feshi sau biyu ko uku a mako ya isa, shi ne madadin ruwan saman da ke wanke masa gishiri a daji. A kafa zana ta gabas da arewa ta tare iska, amma kada ta tare wa ganye ranar safe. Daren da sanyi ya yi tsanani a lulluɓe jikin tankin da bargo, domin mangurof ba ya son sanyi.

Aikin yau da kullum

Kowace safiya ka dubi layin da ka ja. Abin da ya ragu ruwa ne zalla ya tafi, gishirin yana nan. Don haka ciko da ruwa marar gishiri ake yi, kullum, kaɗan-kaɗan. Wanda ya cika da ruwan gishiri, cikin 'yan makonni zai ninka gishirin tankinsa bai sani ba. Wanda kuma ya bari sai ruwa ya ragu sosai sannan ya kwarara bokiti, ya girgiza saiwa. A tsince ganyen da ya faɗa ruwa tun bai ruɓe ba.

Sau ɗaya a mako a auna gishiri da zafi, a rubuta a littafi. Duk mako biyu a zuƙe kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ruwan, a mayar da sabon haɗi mai gishiri daidai da na ciki. Wannan canji shi ke dawo da magnisiyam da sauran sinadarai. Ruwan da aka zuƙe kada a zubar da shi a gindin itace, lambu ko kusa da fangalin albasa. A nemi wurin da ba a shuka komai.

Game da abinci akwai darasi daga Eritiriya. Wani masanin Amurka, Gordon Sato, ya lura cewa a gaɓar Bahar Maliya mangurof na tsira ne inda ambaliyar damina ke gangarowa. Ya gano cewa ruwan teku yana da ƙarancin abu uku da itacen ke so: naitirojin, fosfaras da sinadarin ƙarfe. Da aka samar da su a gindin dashe, mutanen ƙauyen Hargigo kusa da Massawa suka raya itatuwa a inda a da babu, suna ciyar da tumaki da awaki da ganyensu. A tanki mai kifi, kashin kifin yana ba da biyun farko, sai a ƙara ɗigon sinadarin ƙarfe na tsirran ruwa bisa umarnin da ke jikin kwalba. A tanki marar kifi a sa takin ruwa na tsirrai, rubu'in abin da aka rubuta, sau ɗaya a wata. Yawan taki gansakuka yake ciyarwa.

Batun kifi

Kada a sa kifi sai tanki ya yi mako huɗu zuwa shida yana aiki, ƙwayoyin halittar da ke narkar da dattin kifi sun kafu. Tarwada kifin ruwan daɗi ce, ba ta jure gishiri mai yawa. Wasu nau'o'in karfasa suna jurewa idan an saba musu sannu a hankali, musamman mai baƙin haɓa ta tafkin Legas, sai dai karfasa tana tonon yashi, don haka a kewaye gindin itacen da duwatsu. Ƙananan kifin ado da ake kira moli sun fi sauƙi, suna cin gansakuka da tsutsar sauro. Kifi kaɗan, abinci kaɗan. Kuma kada a ɗauka itacen zai tsabtace ruwa shi kaɗai. Girmansa a hankali yake, abin da yake zuƙa bai kai abin da kifi ke zubarwa ba.

Alamomin damuwa

Idan sabon ganye ya fito rawaya amma jijiyoyinsa kore, ƙarfe ne ya yi ƙaranci. Idan tsofaffin ganye da yawa suka yi rawaya lokaci guda, a auna gishiri, a canza wani kaso na ruwa. Faɗuwar tsohon ganye ɗaya jefi-jefi ba komai ba ne. Bakin ganye ya bushe ya naɗe, bushewar iska ce ko zafi. Sanda ta yamutse, ruwa ba ya isa jikinta, mafi yawa saboda gishiri ya haura ko saiwa ta lalace. Gindi ya yi baƙi ya yi laushi yana wari, wannan ya tafi, a cire shi kada ya ɓata ruwa. Fararen ƙwari masu kama ganye a goge su da auduga. Maganin feshi ba ya kusantar tanki, ko na sauro da ake fesawa a ɗaki, domin kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe kifi.

Girma da aski

Mangurof ba ya gaggawa. Ganye biyu-biyu yake fitarwa, ana iya yin wata ɗaya ko biyu tsakanin wannan da wancan, kuma saiwoyin nan masu lanƙwasa sukan ɗauki shekara biyu ko fiye kafin su bayyana. Tohon da ke tsakiyar kai shi ne ransa a shekarar farko, idan aka karye shi kafin itacen ya yi rassa yana iya mutuwa. Sai ya yi ganye biyu-biyu sau biyar ko shida sannan ake tsinke tohon sama da reza mai tsabta, don ya yi rassa ya tsaya gajere. Ba a yanke rassa da yawa a rana ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a nan da taushin hannu.

Amfanin wannan wahala ya wuce ado. Yaron da ya auna gishiri da hannunsa, ya ga yadda raguwar ruwa ke ƙara masa ƙarfi har sanda ta yamutse, ya fahimci abin da ke faruwa a fadamar da ake ban ruwa shekara da shekaru har farin gishiri ya fito a kan ƙasa. Wannan ilimi ne da manomin rani na yankin Kalmalo da sauran fadamunmu yake bukata. Ina kira ga malaman kimiyya da na aikin gona a makarantun Illela da Ƙonni su gwada: roba ɗaya, sanda uku, ma'aunin gishiri da littafin rubutu. A raba wa ɗalibai aikin ciko, feshi da awo, a sa ido kan haske, a kuma yi haƙuri da itacen har ya kafu.